FAGGE: AN CIKA TA DA SHAGUNA, AN RASA WURIN ZAMA

Babu wata gwamnati da ta taɓa hawa mulki a Jihar Kano ba tare da ta yi wa jama'a alkawarin raya birni ba, kuma babu unguwar da aka fi gwada wannan alkawari a kanta kamar Fagge. Dalili kuwa a fili yake, domin a nan ne kuɗin Kano suke kwana. Kantin Kwari tana nan, kasuwar Singa tana nan, 'yan canjin Wapa suna nan, kasuwar wayoyi ta titin Beirut tana nan, ga kuma kasuwar Sabon Gari a gefe guda. Duk taku ɗaya na ƙasa a wannan yanki ya fi gonar wani ƙauye daraja, shi ya sa idon kowane mai mulki da kowane ɗan jari hujja yake kansa ba dare ba rana.

To amma abin tambaya a nan shi ne, mene ne ake nufi da raya birni? Idan mai karatu ya bi abin da aka aikata a ƙasa, ba abin da ake faɗa a rediyo ba, zai tarar ma'anar ta taƙaita ga abu biyu kacal: a ɗora gada a sama, a jera shaguna a ƙasa. Alhali kuwa unguwa ba shaguna ba ce kawai. Mutumin da ya wuni yana ciniki yana buƙatar inda zai ci abinci cikin tsabta da mutunci, yana buƙatar inda zai zauna ya huta, yaransa suna buƙatar inda za su yi wasa, baƙon da ya zo sari daga Maraɗi ko Garwa yana buƙatar inda zai kewaya ya yi alwala. Waɗannan su ne abubuwan da ake ta cinyewa a Fagge da sunan ci gaba, har aka wayi gari unguwar da ta fi kowace tara jama'a ita ce ta fi kowace rashin wurin da ɗan Adam zai sa haƙarƙarinsa.

Abin takaici kuwa shi ne asalin Fagge ma wurin saukar baƙo ne. Fage ce a bayan ganuwa, inda ayarin Azbinawa da Buzaye suke sauke raƙumansu idan sun ƙetaro Sahara da gishiri da dabino. Aikin zango kuwa sananne ne: a sauki baƙo, a ciyar da shi, a ba shi ruwa, a haɗa shi da abokin ciniki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai harkar ta daɗa bunƙasa. Aka kafa Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, Kwarori 'yan Labanan da Siriya suka kafa kantunansu na yadi a wurin da ake kira Kantin Kwari. Ko sunan Wapa ma daga hidimar matafiya ya samo asali, domin taƙaitaccen sunan kamfanin jigilar alhazai ne wanda marigayi Alhaji Mamuda Ɗantata da abokansa suka kafa a 1948. Kenan duk arzikin da ake gani a Fagge, tushensa iya karɓar mutane ne. Wanda ya zo ya samu masauki da abinci da wurin hira, shi ne yake dawowa baɗi da dukiyarsa.

A can baya ma, nishaɗin birnin Kano a wannan yanki yake. Silimar Plaza da ta Wapa suna Fagge, Orion tana Ƙofar Wambai, Eldorado tana Sabon Gari. Ba yabon gidajen silima ake yi ba, domin kowa ya san irin ɓarnar da ta raɓe su, da shaye-shaye da cakuɗuwar da babu mai mutuncin da zai so ɗansa ya saba da ita. Tsofaffi kuma ba su manta da gobarar silimar El-Duniya ta 1951 ba, wadda ta ci rayuka 331. Malamai sun yi magana a kan waɗannan gidaje, kuma suna da hujja. Sai dai abin lura shi ne, da gidajen suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ba a maye gurbinsu da wani abu mai tsabta wanda matasa za su nufa ba. Ba a ce ga ɗakin karatu ba, ba a ce ga filin wasa ba, ba a ce ga zauren taro na unguwa ba. An dai samu ƙarin wurin da za a yanka shago.

Haka aka bi sauran filayen. Harabar kamfanin jaridar Triumph, wanda gwamnatin marigayi Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa a 1980, ta koma wurin kasuwanci. Babban masallacin Juma'a na Fagge an kewaye shi da shaguna. Kai, har Filin Idi na Ƙofar Mata, inda Sarkin Kano yake sallar Idi tare da dubban jama'a, inda daga nan hawan Sallah yake tashi, bai tsira ba. A zamanin gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje, wadda ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, aka yanka gefunansa aka gina shaguna. Idan filin da al'umma gaba ɗaya take taruwa a cikinsa sau biyu a shekara bai fi ƙarfin mai neman fuloti ba, ina kuma ga ɗan fegin da yaran layi suke buga ƙwallo?

Ƙasa kuwa ba ta yin shiru idan an zalunce ta. A watan Agusta na 2022 ruwan sama ya malale Kantin Kwari, ya shiga shaguna ya lalata atamfofi da shaddodi masu ɗimbin yawa, 'yan kasuwar da kansu kuma suka nuna yatsa ga gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa. A ƙarshen watan nan dai, wani bene da ake kan ginawa a kasuwar wayoyi ta titin Beirut ya rufta a kan bayin Allah. Ruwa ba ya karanta takardar mallaka. Inda aka toshe masa hanya, sai ya nemi wata, kuma galibi ta cikin shagon wanda bai ci nanin ba yake bi.

Sannan aka zo 2023. Gwamna Abba Kabir Yusuf bai cika mako guda a kan kujera ba aka fito da motocin rusau. Aka rushe benen shaguna na Filin Sukuwa, aka rushe sabbin gine-ginen da aka yi a harabar tsohon otal ɗin Daula, aka rushe shagunan Filin Idi. Wasu suka yi ta murna cewa an ƙwato dukiyar al'umma, wasu suka yi ta kuka cewa an kashe musu jari. Kowanne ɓangare yana da tasa gaskiyar. Gaskiya ne bai kamata a sayar da Filin Idi ba tun farko. Gaskiya ne kuma da yawa daga waɗanda suka kama shagunan ba su ne suka sa hannu a takardar rabon ba, kuɗinsu suka biya, wasu ma bashi suka ci. Waɗanda suka yanka filin suka sayar kuwa, ba a ga ko ɗaya a cikin ɓaraguzai yana tsintar kayansa ba.

Mai karatu ya dubi yadda lissafin ya ƙare. A watan Satumba na 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umurci gwamnatin jiha ta biya masu shagunan Filin Idi diyyar Naira biliyan 30, daga bisani aka yi sulhu a kan biliyan 3. Wannan kuɗi daga aljihun wa za su fito? Ba daga aljihun wanda ya sayar ba, ba kuma daga aljihun wanda ya rushe ba. Daga baitulmali ne, wato daga harajin talakan da aka ƙwace wa fili da farko. An sayar da abinsa bai ga ko kwabo ba, an rushe kuma shi ne zai biya. Ga kuma hoton da ya fi komai tayar da hankali a kwanakin nan: ɗaruruwan matasa majiya ƙarfi suna rububin rodi da ƙofofi a cikin ɓaraguzai, wasu har gini yana danne su. Waɗannan fa su ne matasan da aka ce domin su ake raya birnin.

A bar maganar manyan gine-gine, a dawo kan cikin ɗan Adam. Wa yake ciyar da Fagge? Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutane kimanin dubu 200, amma wannan lissafin masu kwana ne. Da rana kuwa, masu shigowa daga sauran unguwanni da garuruwa da ƙasashen maƙwabta Allah kaɗai Ya san adadinsu. Duk wannan taro, ba manyan gidajen cin abinci masu na'urar sanyaya ɗaki suke ciyar da shi ba. Mai shayi ne da ya hura wutarsa tun kafin assalatu, wasunsu ma bayin Allah ne daga Nijar. Mai ƙosai da kunu ce a bakin layi. Mai garau-garau ce, da mai ɗanwake, da mai waina da miya, da mai fura da nono. Mai gurasa ne da ya ɗauko ta daga Jakara ya zo yana haɗa bandashe. Da yamma kuma mai tsire da mai balangu su karɓi aiki. Ɗan dako da ya sauke dila goma, da yaron shago, da direban A Daidaita Sahu, da baƙon da ya kwana a mota, duk a hannun waɗannan suke. Su yi yajin aiki na wuni ɗaya, a ga ko Kwari za ta kai la'asar.

Amma a idon tsarin birni, waɗannan mutane ba su wanzu ba. Babu taswirar da aka zana musu wuri a ciki. Za a gina bene mai shaguna ɗari, ba a ware ko ɗaki ɗaya na dafa abinci ba, babu famfo, makewayi kuwa sai a yi dace. To ina mai abinci za ta zauna? Dole ta raɓa a bakin kwata, ƙuda na bi, hayaƙin mota na sauka a kan miya. Tana zaune a nan kuma sai a kira ta mai tare hanya. Da safe mai rasit ya zo ya karɓi kuɗin wuri, da rana wani jami'in ya zo ya ce wurin haramtacce ne, ya kife tebur ya tafi da tukunya. Idan wurin haramtacce ne, kuɗin me aka karɓa? Idan kuma halastacce ne, me ya sa ake kora? Wannan tambaya ce da mahukunta suka daɗe suna tsallakewa.

Akwai ma wani ɓangare na wannan al'amari da ba a cika haɗa shi da tsarin birni ba, wato tallar 'yan mata. Da yawa daga masu dafa abincin nan zawarawa ne da matan da mazansu suka rasu suka bar su da marayu. Tunda uwa ba ta da rumfar da doka ta san da ita, inda mai saye zai zo ya same ta cikin mutunci, sai ta dafa a gida ta ɗora wa 'yarta a ka. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta shiga lungunan kasuwa tana bin shago-shago, makaranta ta wuce ta, ga kuma abin da kowa ya sani yana iya biyo baya. Ana ta wa'azi a kan talla, ana ta kafa dokar hana ta, kuma daidai ne. Sai dai rumfa ɗaya mai famfo da inuwa da aka ba uwar, za ta iya mayar da yarinyar aji fiye da sanarwa goma a rediyo.

Masu kare wannan salon gini sukan ce ai shaguna aikin yi ne, kuma kuɗin shiga ne ga gwamnati, sannan Kano garin kasuwanci ce ba garin shaƙatawa ba. Babu mai musun cewa kasuwa ita ce ran Kano. Amma shago ba ya haifar da mai saye. Idan aka ninka shaguna alhali aljihun jama'a bai ƙaru ba, cinikin nan ɗaya ne ake rarrabawa, kuɗin haya kuma yana tafiya aljihun mai bene. Ga misali a kusa. A 2014 aka buɗe katafaren rukunin kantuna na Ado Bayero Mall a titin Gidan Zu, aka yi ta shelar cewa Kano ta shiga sahun manyan birane. A watan Janairu na 2024 kantin Shoprite, wanda shi ne ginshiƙin wurin, ya rufe ƙofarsa ya bar garin. A tsawon waɗannan shekaru goma, mai shayin Wapa bai rufe ba, mai gurasa ba ta daina gashi ba. Wanda ya dogara da ɗan abin da ke hannun talaka shi ne ya ɗore. Ashe kenan wanda ya kamata a gina tsarin birni a kansa, shi ne aka mayar abin kora.

Gadoji ma haka abin yake. Doguwar gadar Aminu Ɗantata da ta bi ta saman titin Murtala Muhammad ta rage wa masu mota wahala, wannan ba abin musu ba ne. Amma mafi yawan masu hada-hada a Fagge da Sabon Gari a ƙasa suke, da ƙafa, da kura, da baro, da kaya a ka. Wa ya yi musu hanyar tafiya? Inda aka yi ma, an bari an cinye ta. Tsoho mai sanda da mace mai goyo su tsallaka titin IBB da tsakar rana, wannan kaɗai jarrabawa ce.

Dangane da nishaɗi kuwa, hukuma ta iya hani amma ba ta iya samarwa ba. Hisba tana kama giya tana fasawa, tana rufe wuraren baɗala, kuma babu Musulmin kirki da zai yi baƙin ciki da hakan. A 2016 aka soke shirin gina ƙauyen fina-finai a Kofa bayan malamai sun nuna rashin amincewa. To an rufe wannan ƙofa, wace aka buɗe? Saurayi ɗan shekara goma sha takwas yana da ƙarfi a jika da lokaci a hannu, kuma dole ya kai su wani wuri. Mai hali zai ɗauki iyalinsa a mota zuwa gidajen cin abinci na Nasarawa, ko ya biya wa ɗansa kuɗin filin ƙwallo na haya. Ɗan talakan Fagge kuwa, abin da ya rage masa shi ne gidan kallon ƙwallo na langa-langa mai ƙofa ɗaya, inda ake cusa mutum ɗari a ɗakin da bai fi na talatin ba, ko kuma bakin lungu inda dillalin ƙwaya yake jiransa. Daga nan zuwa daba da ƙwacen waya ba nisa. Ana kashe kuɗi wajen kama su, ba a kashe rabinsa wajen ba su fili.

Kuma ba wai jama'ar ba sa son nishaɗi mai tsabta ba ne. A dubi yadda filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yake cika ya batse idan Kano Pillars tana wasa, ƙungiyar da ta ci gasar ƙasa a 2008, ta kuma ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A dubi yadda ake tururuwa gidan dambe na dandalin Ado Bayero a Sabon Gari. Yaran da za su zama 'yan wasan gobe, a filayen unguwa ake samunsu, filayen da yanzu aka mayar da su shagunan atamfa. Majalisin dattawa na bayan la'asar, da karatun dare, da wasan yara a dandali, da taron ɗaurin aure, duk suna buƙatar sarari. Shi ya sa yau duk mai biki ko zaman makoki sai ya toshe titi da rumfa, domin babu inda zai je.

Wannan matsala ba Kano ce ta fara fuskantarta ba, kuma akwai waɗanda suka magance ta ba tare da sun kori talaka ba. Singafo, ƙasar da masu mulki suke son ambata idan suna zancen birnin zamani, ta taɓa cika da masu sayar da abinci a bakin titi, da ƙazanta da cunkoso. A ƙarshen shekarun 1960 hukuma ta yi musu rajista ɗaya bayan ɗaya, sannan daga 1971 ta shiga gina musu cibiyoyi masu rufi da famfo da magudanar ruwa da wurin zama, a kusa da inda masu sayensu suke, a kan haya mai sauƙi. Cibiyoyin sun haura 100, attajiri da lebura suna cin abinci a teburi ɗaya, har hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin abubuwan gadon duniya a 2020. Ba wata fasaha ce mai wuya ba. An dai ɗauki mai tuwo a matsayin ɗan ƙasa mai haƙƙi, ba datti da za a share ba.

Abin da Fagge take buƙata bai kai kuɗin gada ɗaya ba. Hukumar tsara birane ta KNUPDA tana da ikon ƙin amincewa da duk zanen benen kasuwa da bai ware wurin abinci da ruwa da makewayi da wurin alwala ba, ta kuma bi ta tabbatar ba a mayar da su shaguna ba bayan an gama gini, domin a nan ne ake yin ha'incin. Ƙaramar hukuma, wadda ta san hanyar da take bi ta karɓi kuɗin rasit a hannun kowane mai tebur, ba za ta ce ba ta san yawansu ba, sai ta yi musu rajista ta zauna da shugabanninsu a fitar musu da matsuguni a cikin kasuwannin, ba a bayan gari inda babu mai saye ba. 'Yan kasuwar Kwari da Singa da Wapa su ma akwai nasu nauyin, domin a cikinsu akwai waɗanda su kaɗai za su iya sayen fili su yi waƙafinsa ga yaran unguwa, kamar yadda suke gina masallatai.

Sai kuma filayen da suka rage, da waɗanda aka ce an ƙwato a 2023. Muddin makomarsu tana rataye a kan sa hannun gwamna ɗaya, to wanda zai zo gaba yana iya sake yanka su, na bayansa ya sake rushewa, kotu ta sake yanke diyya. Majalisar Dokokin Jiha ce ya kamata ta yi doka ta ambaci waɗannan filaye da sunayensu da iyakokinsu, Filin Idi da harabar masallatai da makarantu da maƙabartu da hanyoyin ruwa, ta haramta sayar da su ko ba da hayarsu ga kowa, ta kuma tanadi cewa duk jami'in da ya sa hannu a kan rabonsu, daga dukiyarsa za a biya diyyar.